Shekarar da Hajiya Ta Zo Duba Kiwo

Ƙarfe goma da kwata na safiyar wata Asabar, a ƙarshen hunturu, muna cikin garejin gidan Dakta Bashir da ke Fort Washington, a Amurka. Mu huɗu ne, ban da karyar. Akwai Dakta Bashir, likitan haihuwa, mai gidan. Akwai 'yarsa Hanifa, mai shekara goma sha biyar, wadda karyar tata ce. Akwai mahaifiyarsa, Hajiya, wadda ta sauka daga Kazaure a makon, tana zaune a kan kujerar roba nesa da kowa, ta tattare zaninta don kada wani abu ya taɓa shi. Sai ni, Sale, ma'aikacin gidan kiwon karnuka na Madam Fegi da ke bayan Clinton. An kira ni ne in faɗi ranar da za a yi wa karyar barbara.

Samarinmu na nan sukan tare ni bayan sallar Juma'a su ce, "Kawu Sale, aikinka ai hutu ne. Ka kawo namiji, ka kawo mace, ka rufe ƙofa, ka je ka sha shayi." Wasunsu sun ji an ce kwikwiyo yana da tsada, suna so su fara a ɗakin ƙasa na gidan haya. Saboda su na zauna na rubuta wannan. Zan bi abin a jere, kuma ina so a karanta shi a jere.

Da farko, irin karen. Sunansa wifet. Siriri ne, mai dogon wuya da ƙaramin kai, ƙirjinsa ya zurmo ƙasa, cikinsa ya manne da baya. Ranar da na fara ganinsu neman aikin shara na je gidan Madam Fegi, sai na tsaya a bakin shinge na kasa shiga, don kamar karnukan farautar mahaifina nake gani a dajin Gumel, sai dai waɗannan an sa musu riga. Riga ta gaske, mai maɓalli. Ba su da kitse, fatarsu ba kauri, sanyi yana shigarsu nan da nan. In wifet ya ga zomo ko kurege, kunnensa ya toshe ke nan sai ya dawo. In bai ga komai ba, yini zai yi yana barci a kan kujerar falo.

Shekarata ta farko shebur da tiyon ruwa kawai Madam ta ba ni. Ta ce a kashin kare ake fara ganin ciwonsa, kuma na tarar haka ne. A shekara ta biyu ta bar ni in auna abinci, in yanke farce. Almakashin farce yana da iyaka. In ka wuce jijiya jini ya zuba, karen ba zai sake miƙo maka ƙafa da daɗin rai ba har ya mutu. Abin wuyansu ma daban ne, mai faɗi, wanda ke tsukewa in an ja, don kansu bai kai wuyansu kauri ba, irin na kowane kare sai su zame shi kamar zobe. Sai a shekara ta uku aka bar ni in shiga ɗakin haihuwa. A can akwai akwatin katako mai sanduna a gefe don kada uwa ta danne jariri a kusurwa, da fitilar ɗumi, da ma'auni irin na masu sayar da nama, da tsummoki masu tsabta, da zaren ɗaure cibiya. Kowanne yana da wurinsa. Wanda ya ajiye zare a wurin tsumma ya fita.

Maganar tsarki, tunda na san za a tambaya. Na tambayi malamai biyu, suka ba ni amsa biyu, na ɗauki mai tsananin don in huta. Ina da kayan aiki, ina da kayan salla, ko a injin wanki ba sa haɗuwa.

Shekarar da bankuna suka yi ta ƙwace gidaje a wannan yanki, a nan na koyi abin da ya fi shebur da almakashi. Dokar Madam ita ce duk karen da ya fito daga gidanta, in mai shi ya kasa riƙe shi, ya dawo da shi, ko bayan shekara nawa ne. To, suka yi ta dawowa. Mutum ya koma ɗakin haya inda ba a yarda da kare, sai ya zo da mota cike da katifu, ya miƙo min igiya ta taga bai fito ba. Har a ɗakin wanki na kafa keji. Akwai wata tsohuwar karya mai launin toka da ta ƙi cin abinci, kullum tana tsaye a bakin waya tana kallon hanyar da motoci ke shigowa. Shekara biyu ba mu yi barbara ko ɗaya ba. Madam ta ce kafin mutum ya tambayi yaushe za a haife su, ya fara tambayar ina za su. Zuma, karyar Hanifa, tana cikin haihuwar farko da muka yi bayan wannan, kuma sai da Madam ta je ta duba shingen gidan Dakta da idonta kafin ta sake ta.

Yanzu abin da Dakta ya yi. Ya saya wa Hanifa karyar ne don ta shekara tana roƙo. Amma ba zai iya gaya wa mahaifiyarsa a waya cewa ya sayi kare don ya kwanta a falo ba, sai ya ce mata kiwo ne, kamar awakinta. Hajiya kuwa tun kafin a haife shi take kiwon awaki. Da ta sauka daga jirgi, kafin ta tambayi ɗakin da za ta kwana, cewa ta yi a nuna mata kiwon.

Mu koma gareji. Zuma tana tsaye a tsakiya cikin jar riga, tana rawar sanyi.

"Wannan ce?" in ji Hajiya. "Ita kaɗai?"

"Ita kaɗai ce tukuna, Hajiya," in ji Dakta.

"Watanta nawa?"

"Goma sha ɗaya."

"Akuyata mai wata goma sha ɗaya cikinta ya fito." Ta juyo wurina. Ba ta faɗin sunan Dakta, don ɗan fari ne, ni kuma ba ta ga dalilin riƙe nawa ba. "Mai karnuka, mutumin nan ya ce kai ne ka sani. Yaushe?"

Na sa safar hannu na duba Zuma. Ta fara jini, lokacinta na farko ke nan. Na cire safar, na miƙe, na faɗi abin yadda yake.

"Hajiya, lokacin farko ba a yi. Na biyu ma ba a yi. Sai ta cika shekara biyu, ƙashinta ya gama yin ƙwari, hankalinta ya zauna. Sannan likita ya duba zuciyarta, don irinsu suna gadon ciwon zuciya. Sannan wani likitan ya duba idanunta. Sannan a nemo namijin da ba danginta ba ne, shi ma a duba shi. Sannan a samu gidajen da za su karɓi 'ya'yan tun ba a haife su ba. In an haihu, mai namijin ya zo ya zaɓi ɗaya, nasa ne."

"Tsaya. Mai namijin?"

"Haka ake yi a nan."

"Tun yaushe ake biyan bunsuru? Bunsuru ai yawonsa yake yi." Ta kalli karyar. "Likitan zuciya. Ni da na haifi likita ba a taɓa duba min zuciya ba."

"Ai ranar Talata za mu je, Hajiya," in ji Dakta.

"Kafin karya ko bayan karya?"

Hajiya ta gyara mayafi ta yanke hukunci. Ta ce wata shida za ta yi a gidan. In kiwo ne, ta ga 'ya'ya kafin ta tafi. In kuwa ba kiwo ba ne, to kare ne kawai aka ajiye a gidan Musulmi, mala'iku suna tsaye a waje cikin wannan sanyi, a mayar da ita inda aka samo ta.

Hanifa tana jin Hausa sarai, amma da Turanci take amsawa. Ta durƙusa ta rungume wuyan Zuma, ta ce in aka mayar da ita, ita ma a haɗa da ita.

"Me ta ce?" in ji Hajiya.

"Cewa ta yi sannu da hanya," in ji Dakta.

"Ba a yi wa sannu da hanya kuka."

Dakta ya biyo ni har mota. Ya ce, "Malam Sale, ba za a ɗan sassauta ba? Sau ɗaya ne fa." Na ce a'a. Na ce karya mai wata goma sha ɗaya in ta haihu, ko ta ƙi shayarwa, ko ta danne su, ko a kai ta a yanka cikinta a ciro su, kuma shi ya fi ni sanin yadda wannan yake. Na ce in ya yanke shawarar mayar da ita, kejin ɗakin wanki yana nan ban kwance shi ba. Sannan na kira Hanifa na ce mata mako uku masu zuwa kada Zuma ta leƙa ko da filin da ke bayan gidan ne ba igiya.

Aiki na gaba da na yi a gidan yankan farce ne, bayan kusan wata biyu. Da Hanifa ta fito da karyar sai da na sake dubawa. Wifet mai lafiya ana ganin inuwar haƙarƙarinsa na ƙarshe. Wannan ba haƙarƙari, ba ƙugu, rigarta ba ta maɓalluwa. Na taɓa nonuwanta, sun kumbura. Na matsa, ruwan nono ya fito.

Maganar ƙiba ba ta ba ni wuya ba, don Hajiya da kanta ta fito da kayan aikin ta nuna min. Ludayi ne ta ɗaure a kan sandar abin goge ƙasa. Kowace rana, in kowa ya tafi aiki da makaranta, sai ta zauna a bakin ƙofar kicin ta miƙa wa Zuma tuwon shinkafa da miyar kuka daga nesa, ba ta taɓa ta ba, ita ma ba ta taɓa ta ba.

"Dabba ana ƙirga ƙasusuwanta daga titi," in ji ta. "Sai maƙwabta su ce mutumin nan ba ya ciyar da gidansa."

Amma tuwo ba ya kawo nono. Na juya wurin Hanifa na tambaye ta ko an bi abin da na ce. Ta kalli takalminta. Sannan ta ce sau ɗaya ne. Zuma ta ga kurege ta taga, ƙofa a buɗe, ta fita, ta tsallake shinge ta faɗa gidan maƙwabci, Mista Wolta. Kafin Hanifa ta zagayo ta titi ta same ta an ɗan jima.

"Yana da kare?"

"Yana da shi, Kawu," ta amsa da Turanci.

"Namiji?"

Ta ɗaga kai.

"Alhamdu lillahi," in ji Hajiya. "Bunsuru ya yi yawonsa."

Na ɗauka magana ta ƙare a nan sai mu je asibiti. Amma Hajiya ba ta manta abin da na faɗa a gareji ba. Ta ce tunda al'adar garin ita ce mai namiji yana da ɗaya, ita ba ta cin hakkin kowa, ko da hakkin banza ne. Dole a je a sanar da mutumin tun yanzu, kuma ta ga uban da idonta. Ta sa mayafinta na fita, ta ƙulla goro a leda, muka jera: ita a gaba, Dakta a bayanta kamar wanda ake kai wa kotu, ni a matsayin tafinta, Hanifa da Zuma a ƙarshe.

Mista Wolta tsohon ma'aikacin gidan waya ne, baƙar fata, matarsa ta rasu, yana zaune a barandarsa. A gefen ƙafarsa akwai wani abu shimfiɗe da na ɗauka buhu ne. Shi ne Janar. Ƙafafunsa ba su fi tsawon tafin hannuna ba, kunnuwansa suna jan ƙasa, ido ɗaya ya yi fari. An kafa masa katako a kan matakala don ba ya iya hawa. Zuma kuwa, da za ta tsaya a kansa sai ya yi kamar yana fakewa a rumfa.

Na yi gaisuwa yadda Hajiya ta ce in yi, har da tambayar gajiya da iyali. Sannan na faɗi abin da ya kawo mu. Mista Wolta ya yi dariya har sai da ya cire tabarau. Ya ce an dandaƙe Janar tun Hanifa ba ta iya tafiya ba.

Na fassara. Hajiya ba ta ko motsa ba.

"Ka ce masa haka aka ce da bunsurun Malam Audu, sai ga unguwa ta cika da masu kamarsa."

Na fassara wannan ma. Mista Wolta ya daina dariya. Ya sunkuya, ya ɗaga kunnen Janar ɗaya, ya yi masa magana a ciki. Ya ce, "Janar, in gaskiya ne ka gaya min. Ba zan yi fushi ba." Janar bai farka ba. Hajiya ta miƙa goro. Mutumin ya gatsa, fuskarsa ta tattare, amma ya cinye shi duka yana godiya, kuma daga nan Hajiya ta ce mutumin kirki ne.

Ni na nemi izini na duba Janar da hannuna. Babu abin da zai yi barbara da shi. Amma a ɗan lokacin da Zuma ta yi a waje wani karen zai iya wucewa, kuma a wannan sana'a ba a yin zato a kan ciki. Sai hoto.

Ranar hoton dukanmu muka shiga ɗakin likitar dabbobi, don Hajiya ta ce ba a duba kiwonta a bayan idonta. Aka kwantar da Zuma, aka aske ɗan gashin ciki, aka shafa mai, aka ɗora na'ura. Dakta ya matso kusa da allo, don aikinsa ne na kullum. Likitar ta zagaya dama, ta zagaya hagu. Babu komai. Kitse ne da tuwo.

Ku da kuke son fara sana'ar, ku riƙe wannan. Karya in ta gama lokacinta, jikinta yakan yi kamar ta ɗauka, ko an yi mata barbara ko ba a yi ba. Nono ya kawo ruwa, ta yi ta tonon shimfiɗa, ta tattaro wasu abubuwa ta kwanta a kansu kamar 'ya'ya. Ita Zuma silifas ɗin Hajiya ta zaɓa. Ta kwashe su ta kai kwandon wanki, tana lasarsu, tana yi wa duk wanda ya matso gurnani, har sai da aka saya wa Hajiya wasu. Bayan 'yan makonni abin yakan wuce da kansa.

Muka fito muka shiga mota, Dakta a sitiyari, Hajiya a gefensa, ni da Hanifa da Zuma a baya. Kowa ya san lissafin: babu ciki, lokacin Zuma ba zai sake zagayowa ba sai Hajiya ta tafi, kuma ko ya zagayo ni ba zan yi ba. Saura kejin ɗakin wanki. Hanifa ta cusa fuskarta a wuyan karyar.

Dakta ya sa makulli bai murɗa ba, sai Hajiya ta ce, "Kwanciya ya yi."

"Me, Hajiya?"

"Cikin. Ya kwanta. Ƙanwar kakarka nata shekara uku ya yi a kwance kafin ya tashi, ga ɗan da ta haifa nan, Kawu Ilu, da ransa yana sayar da taya. Na'ura me za ta gani, abu ba ya motsi?"

Ya kamata a san cewa Dakta Bashir, duk lokacin da ya je hutu gida, yakan tara unguwarzoma da matan aure a asibitin garinsu ya yi musu bayani, kuma rabin bayanin a kan wannan maganar ce ta kwantaccen ciki, cewa babu shi. Na ga kafaɗunsa sun ɗaga. Ya juyo da jikinsa duka.

"Hajiya, a ilimin likita..."

"Baba," in ji Hanifa, "Hajiya ta fi ka sani."

Da Hausa ta faɗa. Ban taɓa jin ta haɗa jimla guda da Hausa ba sai ranar. Dakta ya kalle ta ta madubi, bakinsa a buɗe, sannan ya rufe shi.

Hajiya ta ci gaba kamar ba a katse ta ba. "Dabbar da ke da ciki ba a kai ta wurin namiji. Kuma ba a bayar da ita, sai ka bayar da ribarka a cikinta. Ta zauna har ya tashi. Mai karnuka, ko ba haka ba?"

Ni ba na ƙarya a kan aiki. Na duba maganganun da nake da su, na zaɓi wadda take gaskiya.

"Hajiya, a sana'armu karyar da ke cikin wannan hali ba a yi mata barbara."

"To ka ji," ta ce da Dakta. "Tuƙa mu."

Saura maganar ƙiba, don likitar ta ce dole a rage. Na nemi a ba ni ludayin, Hajiya ta ƙi. Muka daidaita a kan cewa ludayi nata ne, abin da za a zuba a ciki nawa ne. Kowane mako nakan auna abincin in ƙulla a leda-leda, ita ta miƙa. Ta ce abincin kamar kashin awaki, amma ta miƙa.

Wata rana na zo awo na tarar da ita a bakin tagar kicin. Zuma ta fito da silifas ɗin waje ɗaya bayan ɗaya, ta jera su a kan ciyawa tana shan rana da su. Sai kurege ya sauko daga itace. Ban ga tashinta ba, sai ƙura. Hadari ya taso, ruwa ya sauka, ta dawo ta shige falo ta hau kujera ta yi barci. Silifas suna waje suna jiƙewa.

"Dubi uwa," in ji Hajiya. "Cikin nan ya fi ku hankali da ya kwanta."

Da za ta koma Kazaure ta bar silifas ɗin a kwandon wanki, ta ce ko za a buƙace su.

Barbarar gaskiya sai da Zuma ta wuce shekara biyu muka yi ta, a lokacinta na uku. An duba zuciya, an duba ido. Madam Fegi ta samo namiji a jihar Virginia, baƙi mai farin ƙirji, wanda shi ma aka duba. Aka ɗebi jinin Zuma aka auna don a san ranar da ta dace, don ranakun kaɗan ne, in suka wuce sai wani zagayen. Gidaje suna jira tun kafin mu kama hanya. Bayan wata biyu ta haihu da rana tsaka a akwatin katako da na kafa a garejin nan, 'ya'ya shida. Ta cinye mahaifa, ta lashe kowanne, ta kwanta ta ba su nono. Kurege ya wuce ta bakin ƙofa, ta ɗaga kai ta kalle shi, ta mayar.

Hanifa ce ta kira Kazaure, ta sa wayar a fili kowa yana ji.

"Ya tashi ke nan," in ji Hajiya. "Na gaya muku. A turo min hoto."

Aka tura. Shida ne, duk masu dogayen ƙafafu, biyu baƙaƙe masu farin ƙirji. Aka jima kafin ta sake kira.

"Na ukun nan daga hagu, kunnen ubansa ne. Yaya Janar ɗin?"

Dakta ya ce ya mutu a hunturun da ya wuce.

"Allah sarki. To bai ga 'ya'yansa ba. A kai wa mai shi nasa, na ukun. Na yi alkawari da goro."

Ni aka aika in gaya wa Madam Fegi. Mai namijin Virginia ya riga ya zaɓi nasa, sauran duk da masu jira, ga takardun asali da ke nuna kakanni har bakwai, ni kuma ina tsaye ina bayanin cewa akwai uba na biyu, marigayi, dandaƙaƙƙe, wanda shi ma yana da kaso. Ta sa na maimaita. Sannan ta ɗauki makullin mota ta ce a nuna mata gidan. Ta zagaya shingen Mista Wolta, ta ce ya ƙara masa tsawo. Ta duba falo, ta duba kujera, ta duba katakon da har yanzu yake kan matakala. Ta tambaye shi awa nawa yake yini a gida, ya ce duka. Ta ce a ba shi. Wani iyali a Clinton suka jira haihuwar wata karyar, ni na kira su na ba su haƙuri.

Mista Wolta ya sa masa Ƙaramin Janar. In kuka je bakin kogi da yamma za ku gan su, tsoho yana bin dogon kare mai riga. Duk wanda ya tsaya ya yaba, yakan ce masa kunnen ubansa ne.

Zuma ba mu sake yi mata ba. Sau ɗaya ya isa, aka yi mata aiki aka rufe. Hanifa ta tafi jami'a da ita.

Roƙona biyu ne, kuma zan faɗe su a jere. Na farko, kai da ke da karya a lokacinta na farko, ka sa mata igiya, ka rufe ƙofa, ka jira ta shekara biyu, a duba zuciya, a duba ido, ka san inda kowane kwikwiyo zai kwana kafin ka kira ni. Na biyu, in kai mutumin Kazaure ne kuma ka gane wace Hajiya nake nufi, tana nan da ranta, idonta ya yi rauni, jikoki ne suke karanta mata abubuwa. Don Allah kada ka karanta mata wannan. In ta tambaye ka labarin kiwonta na Amurka, ka ce mata ɗan Janar yana gaishe ta.